Idon da Aka Gyara

Babana mai gyaran agogo ne, ko in ce da can shi ne, kafin kowa ya koma duba lokaci a waya. Shagonsa bai mutu rana ɗaya ba. Sai da ta kai masu leƙowa tambayar hanya sun fi masu kawo agogo yawa, sannan ya tattara hantsukansa da 'yan sukundirebobinsa da gilashin nan na ido ɗaya da ake maƙalawa a kwarmin ido, ya zuba su a kwalin takalmi, ya hau da su bene inda muke zaune. Wani mai aski ya karɓi shagon. Ƙusoshin da Baba yake rataye agogon bango har yau suna nan, mai askin yana rataye tawul a jikinsu.

Ba a rufa shekara ba Mama ta rasu. Muka rage daga ni sai shi a ɗakuna biyu da falo. Yayana yana wani gari yana aiki a kamfanin ruwa, yakan kira ranar hutu ya tambayi lafiyarmu da irin muryar da ke nuna "lafiya lau" kawai yake son ji. Ni ce auta. Ina aiki a kantin magani, ina tsaye bayan kanta tun safe har yamma ina fama da rubutun likitoci, don haka idan na dawo gida ba sauran haƙuri a jikina.

Mama, Allah ya jiƙanta, ido ɗaya nata a ɗan lumshe yake tun tana yarinya. Fatar saman ce ta sauko ta rufe kusan rabinsa. In tana kallonka sai ka ga kamar rabinta ta yarda da maganarka, ɗaya rabin kuma yana jira ka gama ƙaryar. Da wannan idon aka rene mu, kuma ya yi aiki fiye da bulala. Ita dai ba ta son sa. Da zarar ta ga an ɗaga kyamara ko waya sai ta zaro baƙin tabarau daga jaka ta ƙwama, ko da a cikin ɗaki ne, ko da hadari ya haɗo. Duk hotunanta haka suke, sai ka ce wadda aka yi wa aikin ido jiya.

Bayan an share makoki Baba ya baje hotunan a kan gado ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya haɗa su ya mayar cikin ambulan.

"Ba ta ciki ko ɗaya," ya ce.

Bai ƙara maganar ba, ni ma ban ƙara ba. Amma na gane abin da ke damunsa, domin ni ma shi ke damuna. Fuskar Mama ta gaskiya ba ta ko'ina sai a cikin kawunanmu.

Hannun Baba bai saba zama ba. Cikin 'yan makonni ya kwance rediyo, ya kwance fanka, ya kwance makullin banɗaki, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau kafin ya taɓa su. Ranar da na tarar da shi yana zagaya firji hannu a baya na san sai na yi wani abu. Kusa da kantinmu akwai shagon kayan zane na 'yan makaranta, a nan na ga kwalin 'yan ƙananan mutum-mutumi na farar roba mai tauri, ba wanda ya wuce tsawon babban yatsa. Akwai kare, akwai mai keke, akwai ɗan sanda ya ɗaga hannu. Ana sayar da su fari fat, kai za ka yi musu fenti. Na haɗa da 'yan kwalaben fenti da burushi siriri wanda za ka iya ƙirga gashinsa.

"Mene ne wannan, Auta?"

"Aikin yi ne, Baba."

"Kayan wasan yara ne."

"To ko ma mene ne, ka bar firjin nan ya huta."

Ya ture kwalin gefe da bayan hannu. Washegari da na dawo aiki karen ya zama ruwan ƙasa, ƙafa ɗaya fara, harshe ja, har da ɗan datti a bayan kunne.

Daga nan na samo masa zaure a intanet, inda masu irin wannan fentin daga ƙasashe barkatai suke saka hotunan aikinsu ana yi musu gyara. Mutane ne masu doka kamar asibiti. Babbar dokarsu ita ce aiki kawai, ba labari: ka saka hoto, ka faɗi fentin da ka yi amfani da shi, ka ja bakinka. Wai labari yana sa a ji tausayin mutum a kasa gaya masa gaskiya. Kuma kowane aiki hoto ɗaya ne. In ka yi gyara ka saka sabo, shugabannin zauren sai su goge tsohon da duk surutun da ke ƙarƙashinsa, don kada wurin ya cika da tarkace. A ƙarshen kowane mako suna zaɓen aiki guda su liƙa shi a sama, su kira shi Aikin Mako. Ba a ba da ko tsinke, amma yadda suke yi a kansa ka rantse gida ake rabawa.

Baba yana danna waya kamar yana tsoron ta cije shi, saboda haka ni ce mai ɗaukar hoto, ni ce mai sakawa, ni ce mai karanto masa abin da aka ce bayan waya ta fassara mana a karkace. Karen ya samu alamar zuciya ba laifi. Baba ya ce, "Ba su san kare ba ne," amma ya sa na sake karanta masa.

Wata Asabar ya sa takalmi ya ce in raka shi shagon kayan zanen. Rabonsa da yin nisa da gida tun rasuwar. Ya daɗe yana tona kwalaye, mai shagon har ya fara kallon ƙofa, can sai ya ɗago da mutum-mutumin wata mata tana zaune a kan kujera, hannayenta a kan gwiwa. Fuskarta ba ta wuce ƙwayar wake ba, kuma ba komai a kanta sai ɗan tudun hanci. Ya biya kuɗin muka dawo gida.

Ya yi makonni a kanta. Yakan maƙala gilashin agogon a ido, ya jawo fitilar tebur, ya riƙe numfashi kafin ya sauke burushi. In na shigo sai ya kifa kofi a kanta. Har wata yamma na dawo a gajiye na tarar ya ajiye ta a tsakiyar teburin falo ba kofi, shi kuma ya koma gefe yana karanta jaridar da ta kwana biyu.

Mama ce. Rigar nan ce mai ruwan ganye da ta ƙi yarda ta tsufa, da zoben da ya matse mata yatsa, da layukan gefen baki. Ga idon kuma. Na tsaya da jaka a kafaɗa, Mama tana kallona da ido ɗaya da rabi tana jiran in faɗi dalilin da ya sa na makara. Kuka na yi, ba wani ɓoye-ɓoye. Na shiga banɗaki na ƙara wani.

Da na fito ya ce, "Sa musu."

"Baba, wannan ai ta gida ce."

"Na ce ba ta gida ba ce? Sa musu su gani."

Na fahimce shi. Ya yi abin da bai taɓa yin irinsa ba, kuma yana son wanda ya san wahalar aikin ya gani. Na jingina ta da farar takarda kusa da taga na ɗauki hoto, na saka.

A zauren akwai wani mutum da ya sa wa kansa suna Lamba Sifili, wai sunan burushin da ya fi kowanne siranta ke nan. Ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa, hoton hannu ne kawai riƙe da burushi. Ya iya aiki, wannan ba zan hana shi ba. Amma irin mutanen nan ne da in ka nuna musu jaririnka za su ce kunnen ya ɗan yi ƙasa. In ya yi magana kowa sai ya bi bayansa da alamar babban yatsa. Ko awa ba a yi ba ya rubuto, na karanta wa Baba.

"Tufafin sun yi kyau. Fuskar akwai matsala. Idanun ba su daidaita ba, ɗaya ya faɗi. Kuskuren masu koyo ne, hannu ne yake rawa. A sake."

Sauran suka biyo. Wata mai hoton kyanwa ta ce kada Baba ya karaya, kowa da haka ya fara. Wani ya turo bidiyon yadda ake riƙe burushi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗora 'yar allurar ƙirga sakan a agogon mata, shi ake koya wa riƙon burushi.

Kaina ya ɗau zafi. Na fara rubuta musu cewa wannan uwata ce, haka Allah ya yi ta, na haɗa da wasu kalmomi da na tabbata waya ba za ta iya fassarawa ba.

"Me kike rubutawa?"

Na gaya masa, na cire kalmomin.

"Goge."

"Baba, haka idonta yake fa!"

"Sun tambaye ki ko wacece? Dokarsu ce, ba labari. Mu muka je gidansu." Ya kalli hannunsa a kan tebur. "Wai rawa yake yi."

Nan ne abin ya soke shi. Ba maganar idon ba, maganar hannun. Shago ya tafi, mata ta tafi, hannun nan kaɗai ya rage masa da yake taƙama da shi, ga wani da ko fuska ba shi da ita ya ce yana rawa.

"Zan yi musu biyu daidai su gani," ya ce. "In sun gani sai in mayar da shi yadda yake. Abu ne mai sauƙi."

Ya shafe idanun da fentin launin fata, ya bari ya bushe, ya zana sababbi a kai, biyu cif kamar an auna da ma'auni. Na ɗauka na saka, aka goge tsohon hoton. Wayata kuwa kullum kuka take ba wuri, don haka duk hoton da na saka a zaure a take nake share shi daga cikinta, na kare da na mai keke da kowa.

Lamba Sifili ya ce an samu ci gaba. Sai dai yanzu da idanun suka gyaru, hancin ya fito da faɗi.

Baba ya ce bari ya koyi hancin tukuna. Ya rage shi da inuwa ta gefe biyu, dabara ce da suka nuna masa. Aka ce hanci ya yi, saura kumatu, suna bukatar haske a sama. Ya sa haske. Aka ce layukan gefen baki suna sa fuskar ta yi kamar da datti a hoto. Ya share layukan da Mama ta samu wajen yi mana faɗa. Aka ce bakin ya karkata ƙasa, kamar matar tana fushi. To fushi take mana, in ji ni a raina, ku ma da kun san mu da kun yi. Baba ya ɗaga mata gefen baki.

Kowane mako sai in ce, "Baba, yaushe za a mayar da idon?"

"Bari dai in gama koyon wannan."

Gaskiya ya koya. Hannunsa ya faɗa, ya san yadda ake tsinka fenti da ruwa har ya zama kamar hayaƙi, ya san inda haske ke sauka a goshi. Ya fara cin abinci da kyau, ya daina kwance kayan gida, har yakan tashe ni da tambayar ko an ce wani abu. Shi ya sa ban matsa ba. Mama kuwa tana nan a teburin falo tana fuskantar mu, muna karyawa tana kallo, muna cin na dare tana kallo, kuma kowane mako tana ƙara yarinta. Aka yi watanni a haka. Ta zo daidai da ni a shekaru, ta wuce ni ta koma ƙanwata. Idanunta biyu a buɗe tar, irin na macen da duk abin da ka gaya mata za ta yarda.

Ran nan aka zaɓe ta Aikin Mako.

Na dawo aiki na nuna masa hoton an liƙa shi a sama. Ya sa na karanta masa sharhin kowa, ya sa na maimaita. Lamba Sifili ya rubuta layi ɗaya: "Yanzu ta zama mutum." Baba ya gyara zama ya ce, "To, madalla," da muryar da yake yi in agogon da aka fid da rai da shi ya tashi. Daɗi ya ji sosai, ba zan ce bai ji ba. Har ya leƙa ta taga ya kira mai aski ya hau ya gani.

Mai askin ya san Mama. A 'yan watannin da suka yi maƙwabtaka ba ranar da ba ta tsaya a ƙofar shagonsa ta yi masa magana kan gashin da iska ke kwasowa zuwa matakala ba. Yana jin takunta yake ɗaukar tsintsiya. Ya shigo yana goge hannu a riga, ya sunkuya ya ƙura wa mutum-mutumin ido.

"Kai, Baba, hannunka akwai albarka! Wannan kyakkyawar 'yar fim ce, ko daga kanka ka ƙirƙiro ta?"

Mai askin ya ƙara yabo, ya ce a yi masa irinta ya ajiye gaban madubi, ya sauka don ya bar mutum da rabin kai.

Can Baba ya ce, "To. An gama da su. Ɗebo mini ruwa a murfin nan."

Na ɗebo. Ya jawo fitila, ya haɗa launin fata a kan fasasshen faranti, ya ƙara ɗigon ruwan ƙasa. Ya maƙala gilashi, ya ɗauki matar da hannun hagu, ya tsoma burushi ya goge a bayan yatsa, ya kai shi daf da fuskar. Sai ya tsaya. Na ɗauka numfashi yake riƙewa kamar kullum. Amma ya daɗe, har fentin ya fara bushewa a bakin burushin.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Wanne ne?"

Na buɗe baki zan ba shi amsa, don tambaya ce irin ta mene ne sunanka. Ba abin da ya fito. Na rufe ido in ga Mama a ƙofar kicin tana kallona, sai ga rigar, ga zoben, ga hannu a ƙugu, amma fuskar ta teburin ce ta zo, da idanu biyu daidai da ɗan murmushi. Na kore ta na sake kira, ita ta sake zuwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko a ranar da ta rasu.

"Na hagu ne," na ce. "Ina jin."

"Kina ji."

"Bari in kira Yaya."

Yaya ya ɗauka ana ta ƙarar inji a bayansa. "Na dama mana," ya ce ba tare da tunani ba. Sai ya ce, "Dakata." Injin dai yana ta ƙara. "Kai, ko na hagu ne? Wai me ya kawo wannan tambayar? Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, tunda ita yake so.

Na kira Inna, ƙanwar Mama, wadda suka tashi ɗaki ɗaya.

"Wane ido?" ta ce.

"Wanda yake a lumshe, Inna."

"Yayata idonta garau yake. Don ta mutu shi ne za ku zauna ke da ubanki kuna ƙirƙira mata aibi? Ku ji tsoron Allah." Ta kashe wayar. Tun suna yara take dukan duk wanda ya yi maganar idon nan, kuma ashe ba ta ajiye aikin ba.

Baba ya ɗauko ambulan ɗin hotuna. Ya bi su da gilashin agogo, yana duba gira, yana duba gefen tabarau ko fatar ta leƙo. Mama ta san abin da take yi, manyan tabarau take saye.

Ya ajiye gilashin ya ce, "Tambayi mutanen naki. Su ne suka gan shi ƙarshe."

Sai na karya musu doka. Na rubuta labarin a fili ba ado: matar nan mahaifiyata ce, ta rasu, idon da kuka ce ya faɗi haka yake a fuskarta, ba mu da hotonsa, yanzu muna so mu mayar kuma mun kasa tuna wanne ne. Duk wanda ya ajiye hoton farko, ko ya tuna, ya taimaka.

Zauren ya cika da alamomin fuskoki masu hawaye. An yi mana ta'aziyya da harsunan da ban san akwai su ba. Ba wanda ya ajiye hoton. Shugaban zauren ya ce abin da aka goge ya tafi, ba sa riƙe komai, kuma saboda halin da ake ciki za a bar rubutuna ya kwana ɗaya kafin a cire, don dai in san an yi mini alfarma. Mai hoton kyanwa ta ce tana ganin na dama ne, sai dai tana tsoron ko aikin wani take tunawa. Mutum biyu suka fara gardama a kan haka, ɗaya ya ce hagu, ɗaya ya ce dama, har suka koma zagin fentin juna. Da yawa kuma suka ce kada a taɓa, ai yanzu ta fi kyau, marigayiyar ma da za ta fi son haka. Wannan ya fi ba ni haushi, musamman da yake gaskiya ne.

Lamba Sifili bai ce uffan ba sai washegari, kuma ba a zauren ba, ni ya turo wa kai tsaye. Na shirya masa baƙar magana tun kafin in buɗe, sai na tarar ba inda zan sa ta. Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Ya ce fuskoki da yawa yake dubawa a rana, yakan tuna cewa akwai kuskure amma ba ya tuna ta wane gefe. Ya ce da ya sani da bai ce komai ba, kuma bai san yadda zai gyara wannan ba.

Na karanta wa Baba. Ya jinjina kai ya ce, "Tambaye shi, tunda masani ne. In aka cire na saman a hankali, ba za a tarar da na farkon ba? Ban kankare shi ba ai, rufe shi na yi."

Na tambaya. Amsar ta zo da tsawo, irin ta mutumin da aka dawo da shi fagen da ya sani. Ya ce irin wannan fentin in ya bushe a kan ɗan'uwansa haɗewa suke su zama abu ɗaya. In aka jiƙa shi a ruwan cire fenti gaba ɗaya zai saɓule kamar ɓawon dafaffen ƙwai, a koma farar roba. In aka ce reza za a sa, a fuska mai wannan ƙanƙanta kowane shafi bai kai kaurin gashi ba, kafin ka ga na farkon ka riga ka yanke shi. Ya ce aikin farko yana nan a ƙasa, bai je ko'ina ba, sai dai ba hanyar isa gare shi. A ƙarshe, da yake hali ba ya barin mai shi, ya ƙara da cewa nan gaba a riƙa ajiye hoton kowane mataki. Saura kaɗan in jefa wayar ta taga.

"Sake karanta wurin nan," in ji Baba.

"Wanne?"

"Inda ya ce yana nan."

Na sake karantawa. Ya saurara kansa a ƙasa. Sannan ya jawo murfin ruwa ya wanke burushin da ya kwana da fenti, ya daɗe yana murza shi, ya rufe kwalaben ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Baba, mu koma shagon mu sayo wata fara. Ka sake daga farko, yanzu ma ka fi iyawa. Ka zaɓi ido ɗaya ka sa, wa zai sani?"

"In na sa a wanda ba shi ba fa?"

"Ai ba wanda zai gane."

"Shi ne abin. Kullum shi zan riƙa gani, har in yarda." Ya ɗauki matar ya share mata ƙura da gefen yatsa. "Wannan ko ba komai na san tana ciki."

Ban sake kawo maganar ba.

Bai daina fenti ba. Ya yi ɗan sandan, ya yi wani mai kamun kifi, ina saka masa su a zaure kamar da. Lamba Sifili yanzu duk abin da Baba ya saka sai ya ce ya yi kyau, ba gyara, abin da ke ƙona wa Baba rai fiye da gyaran. Ya ce mutumin ya lalace.

Matar kuwa ya ɗauke ta daga teburin falo ya mayar kan taga a ɗakinsa. Da safe, lokacin da rana ke shigowa a kwance, yakan maƙala gilashi ya ɗauke ta ya riƙa juya ta a hankali, wai ko tsohon fentin zai nuna tudu ta ƙarƙashin sabon. Wata rana ya ce hagu. Wata rana ya ce a'a, inuwa ce ta ruɗe shi.

Jiya ina sa takalmi zan fita ya kira ni.

"Auta, zo ki gani. Kamar akwai ɗan tudu a nan."

Na riga na makara, amma na je. Ya cire gilashin ya miƙo mini da ɗuminsa, na maƙala, na sunkuya. Na duba ido ɗaya, na duba ɗayan, na sake dubawa da gaske, don ni ma ina so. Sumul suke. Aikin ya yi kyau ƙwarai, ko alamar burushi babu.

"Kin gani?"

"Ban gani ba, Baba."

Ya karɓi gilashinsa ya mayar a ido.

"To matsa," ya ce, "kin tare mini haske."